Muna son mu gama biyan bashin gidanmu kafin lokaci, ta ina za mu fara?

"Assalamu alaikum. Dan Allah ina neman shawara. Shekara biyu kenan da maigidana ya samu bashin gida na NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, miliyan 10, za a biya cikin shekara 25, duk wata ana cire masa dubu 64 da ɗari huɗu da wani abu a albashi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kaduna, ni kuma ina ɗinki a gida ina ɗan saida atamfofi. Yaranmu biyu, babbar shekararta huɗu. Kwanaki ya karɓo takardar lissafi daga banki sai muka ga duk kuɗin nan da aka cire masa bashin ko dubu 400 bai ragu ba, wallahi ranar ko abinci kasa ci nayi. Mun yanke shawara mu matse mu dinga ƙara dubu 20 duk wata, har nace zan saida sarƙata ta gwal da keken ɗinkina na biyu mu zuba. Amma yayansa yace wauta ce, wai bashi mai sauƙi irin wannan ba a gaggawar biyansa. Wa ya fi gaskiya? Kuma ta yaya ma za mu yi tanadin a wannan tsadar?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya albarka a gidan nan, ya raya muku zuri'a. In na fahimce ki abu uku kike tambaya, me yasa bashin baya motsi duk da ana biya, shin ƙarin dubu 20 ɗin zai yi amfani ko yayan maigidanki ne da gaskiya, sannan ina za a samo kuɗin. Na ɗau shekaru ina aiki a bankin da ke bada lamunin gidaje, a teburin da ake lissafin biyan wata-wata, kuma wannan fuskar da kikayi ranar da kika ga takardar na ganta a gabana ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, har akwai wanda ya buga min tebur yace sata muke yi. Toh bari mu fara da wannan.

Me yasa bashin bai ragu ba

Ba cutarku akayi ba, haka lissafin yake. Bashin NHF kuɗin ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, wato rabin kashi ɗaya duk wata, kuma ana lissafa shi ne akan abinda ya rage ake binku a wannan watan. Watan farko ana binku miliyan 10 cif, rabin kashi ɗaya na miliyan 10 dubu 50 ne. Kinga kenan a cikin 64,430 ɗin da aka cire masa, dubu 50 ruwa ya cinye, 14,430 kawai ta taɓa uwar kuɗin. Wata na biyu bashin ya ɗan ragu kaɗan, sai ruwan ma ya ɗan ragu da 'yan nairori, abinda ke shiga uwar kuɗin ya ɗan ƙaru, haka abin zai yi ta tafiya kamar hawainiya. Na buga lissafin naku, a wata 24 kun biya wajen miliyan 1 da dubu 546, bashin ya sauko zuwa kusan miliyan 9 da dubu 633, wato dubu 367 ya ragu, yayi daidai da abinda kika gani. In kuka bi shi a haka har ƙarshen shekara 25 za ku biya wajen miliyan 19.3 akan miliyan 10.

Amma wannan abin da ya hana ki cin abinci shi ne kuma yake sa ƙari a shekarun farko yake da ƙarfi sosai. Duk nairar da kuka ɗora kai tsaye akan uwar kuɗin yau, ta daina haifar ruwa har shekara 23 masu zuwa. In kuka fara ƙara dubu 20 daga yanzu baku fasa ba, maimakon sauran shekara 23 za ku gama cikin shekara 14 da 'yan watanni, kusan shekara tara kenan kun yanke, kuma ruwan da za ku tsira da shi ya kusa miliyan uku da rabi. Ko dubu 10 ce za ta yanke muku shekara biyar da rabi. In kuma dunƙule ce, misali aka biya shi ariyas ko wani alawus kuka zuba dubu 500 sau ɗaya tak yanzu, wannan kaɗai ta cire muku wata 28. 'Yarku mai shekara huɗu, in kun bi tsarin dubu 20, tana gama sakandare gidan ya zama naku, daidai lokacin da kuɗin jami'a zai taso. Ni a ganina wannan ma shi ne babban dalilin da zan goya muku baya, ya fi min lissafin ribar kanta.

Maganar yayansa

Kar ki riƙe shi a zuciya, maganarsa tana da tushe. Kashi 6 a Najeriyar yau kusan kyauta ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da hauhawar farashi na Disambar 2024 a kashi 34.8, Babban Banki kuma ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekarar, duk wanda ya je bankin kasuwanci neman bashi a lokacin ya san me ya tarar. Ki tuna litar fetur kafin 29 ga Mayu 2023 bata kai 200 ba a farashin gwamnati, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000, amma 64,430 ɗinku tana nan yadda take, bata ƙaru da ko kwabo ba. Ma'ana kullum nauyin bashin raguwa yake da kansa, don dubu 64 ta shekara goma masu zuwa ba za ta sayi abinda take saya yau ba, albashi kuma komai jinkirinsa yana ɗan motsawa. Shiyasa mai lissafi zalla zai ce miki ki bar bashin yayi ta tafiya, ki sa dubu 20 ɗin inda za ta kawo fiye da kashi 6. Kuma akwai irin waɗannan wuraren na halal, kamar Sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya na farko da aka fitar a 2017 kashi 16.47 ya dinga biya a shekara. Ke kanki ma in dubu 20 ta shiga atamfa ta juya sau biyu a wata, ribarta ta wuce abinda za ta rage muku a banki nesa ba kusa ba.

Inda na rabu da shi wuri biyu ne. Na farko, lissafinsa yana aiki ne in da gaske kuɗin za su je Sukuk ɗin ko jarin su zauna. A abinda na gani da idona, yawancin masu cewa "zan juya kuɗin" ƙarshenta kuɗin suna tafiya a anko da gudunmawar biki da canjin waya, wasu kuma su faɗa hannun 'yan damfara, MMM ta kwashe na mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta sake kwashewa a 2025, kuma duk da sunan neman abinda ya fi banki riba aka shiga. Kuɗin da ya shiga uwar bashi kuwa ba mai zuwa ya ranta, ba dangin da zai ji labarinsa.

Na biyu, ba kowane abu ne kalkuleta ke aunawa ba. Mutane da yawa da suka zauna a gabana ba riba ce ta kawo su ba, ruwan ne yake damunsu a zuciya, sun shiga ne don haya ta ishe su, kowace shekara mai gida ya ƙara kuɗi ko ya basu notis, amma basu taɓa samun natsuwa da shi ba. Ga kuma hadisin nan da ke cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Hukuncin wannan bashin ba fagena bane, na malamai ne, ku zauna da malamin da kuka yarda da iliminsa ku faɗa masa yadda tsarin yake dalla-dalla. Amma in wannan ne ke hana ku bacci, to fita da wuri ba wauta bace ko kaɗan, kuma ba wanda zai ce kun yi asara.

Sarƙar da keken

Anan kam zan taka miki birki. Kar ki saida keken ɗinkin. Keke shi ke kawo dubu 20 ɗin, in ma baki amfani da na biyun ki samu yarinya mai koyo ko wadda ta iya ta zauna akansa lokacin ɗinkin sallah ku raba. Sarƙar ma ki bari tukunna, gwal yana bin dala, duk sanda naira ta faɗi shi tashi yake, kuma shi ne abinda za ki iya kaiwa kasuwa da safe ki dawo da kuɗi kafin azahar in wani abu ya taso.

Dalilin da yasa nake nanata wannan, akwai wani bawan Allah da bana mantawa da shi. Malamin makaranta ne, mutum mai tsari, duk wata sai ya zo da ƙarinsa a cikin ambulan ruwan ƙasa ya rubuta kwanan wata a bayanta da jan biro. Ya saida babur ɗinsa ya zuba, matarsa ta kwashi adashe ta bashi ya zuba, ba abinda suka bari a gefe. Sai ƙaramin ɗansu ya kwanta, aka ce aiki za a yi. Ya zo ya zauna a kujerar da ke gabana yana juya hularsa a hannu, yace ko za a iya bashi wani abu daga cikin ƙarin da yayi ta zubawa. Wallahi ranar na rasa inda zan sa idona, don amsar ita ce a'a, kuɗin da ya shiga bashin gida baya fitowa. Ƙarshe a manhajojin bashin nan na waya ya ciwo, waɗanda ruwansu na wata guda ya fi na NHF na shekara, suna ta tura wa mutanen da ke cikin wayarsa saƙon cin mutunci. Yaron ya samu lafiya alhamdulillah, amma sai da ya shekara yana fama kafin ya fita daga wancan ramin.

Saboda haka kafin ku ƙara wa banki ko naira ɗaya, ku tara abinda zai riƙe gidan wata uku, abinci, kuɗin makaranta, wuta, mota, har da 64,430 ɗin kanta, ku ajiye shi a asusun da babu katin ATM kuma ba a haɗa shi da waya ba. In albashi ya makale ko rashin lafiya ta zo, wannan ne zai tare. Kuma in akwai wani bashi a kanku, na kofaretib ɗin ofis, na mai shago, na waya, ko kayan da kuka ɗauka biya kaɗan-kaɗan, shi za ku fara kashewa, don kusan duk wani bashi da za ku ci a ƙasar nan ya fi wannan tsada. Dubu 20 ɗin ta watannin farko nan za ta tafi. Na san zai yi miki kamar an ja ku baya, amma wata shida ko shekara ba komai bane a tafiyar shekara 14.

Inda kuɗin zai fito

Ba zan ce ku rage cin abinci ba, yara ƙanana ne, kuma tsarin da ya sa gida cikin yunwa baya kai wata huɗu ake watsar da shi. Abinda na ga yana yi wa mutane aiki shi ne a cire ƙarin ranar da albashi ya shigo, kafin a fara kashewa, ya sa banki su dinga tura shi da kansu. Wanda yace sai ƙarshen wata zai ga abinda ya rage, ba abinda zai rage.

Sai sayen hatsi da kaka. Kuna Kaduna, masara da wake da gero da shinkafa 'yar gida suna sauka daga Oktoba zuwa Disamba, in kuna da wanda zai sayo muku daga Saminaka ko Giwa ko Makarfi ku sayi na wata shida ko na shekara, waken a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki ko jarka a toshe bakin da kyau kar ƙwari su shiga. Mudu-mudu a shagon unguwa lokacin damina shi ke cinye albashi ba a sani ba. Ragon layya in da wuri a gidan a sayi ɗan ƙarami tun watanni kafin sallah a kiwata da dusa da harawa, ɗinkin sallar yara kuwa ai a hannunki yake.

Wurin da ya fi wuya shi ne hidimar dangi, kuma nan ne kuɗin matasa ma'aurata suka fi zurarewa. Biki, suna, anko kala biyu kala uku, gudunmawa, wane ba lafiya, wance za a yi mata kayan ɗaki. Ba za ku yanke zumunci saboda gida ba, Allah ya kiyaye. Amma ku yanka masa adadi duk wata ku biyun, in ya ƙare ya ƙare, a je bikin da kayan da ake da su. Ku yarda akan wannan tun kafin hidimar ta taso, don kar ya zama in ta ɓangarenki ce a ce babu, in ta ɓangarensa ce a samo, wannan yana ɓata zaman gida fiye da bashin.

Adashe kuma ki riƙe shi, ya dace da wannan aikin sosai, don kwasa ɗaya in ta shiga uwar bashi kin ga abinda dubu 500 tayi a lissafin sama. Ki dai san uwar adashen. Duk sanda aka yi masa ƙarin girma ko ƙarin albashi, rabin ƙarin ya tafi bashin tun kafin gida ya saba da shi.

Wata magana da ba kowa zai faɗa miki ba. In kuɗin ɗinkinki da adashenki za su shiga gidan nan, ku zauna ke da shi cikin mutunci ku fayyace, kyauta ce kika bashi, rance ne, ko kina da kaso a gidan, ku rubuta da shaidu biyu. Wannan ba rashin yarda bane, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani akan rubuta bashi take. Na ga matar da ta zuba kuɗin sana'arta shekara da shekaru, mijin ya rasu, aka zo rabon gado ba takarda ba shaida, gidan gaba ɗaya ya shiga gado ta tashi da tumunin takaba kawai. Mijin mutumin kirki ne, kawai dai basu taɓa zaton ranar za ta zo da wuri ba.

Yadda za a biya ƙarin kar ya tafi a banza

Nan ne mutane suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Bashin NHF yawanci ba kai tsaye daga FMBN, bankin lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, yake zuwa hannun mutum ba, yana biyowa ne ta wani bankin lamunin gidaje, su ne kuke hulɗa da su. In maigidanki ya tura dubu 20 kawai cikin asusunsa na can bai ce komai ba, tana iya zama a asusun tana kallonsa, ko a ɗauke ta a matsayin ya biya wani ɓangare na wata mai zuwa tun da wuri, uwar kuɗin bata ragu ba, ruwan yana nan yadda yake. Na taɓa karɓar fayil ɗin wata ma'aikaciyar jinya da ta shekara guda tana tura ƙari, da muka buɗe sai ga kuɗin nan jibge a asusun ajiyarta, ko sisi bai taɓa bashin ba, don ba wanda ya gaya mata sai ta rubuta.

To ya fara ɗauko takardar tayin bashin da ya sa wa hannu, ya karanta sashen biya kafin lokaci, ya ga ko akwai tara, ko mafi ƙarancin abinda ake karɓa, ko sai an basu sanarwa. Ban ga takardarku ba, kuma abinda ke cikinta shi ne hukunci, ba abinda na faɗa ba. Sannan ya rubuta wasiƙa yace duk ƙarin da zai biya a ɗora shi akan uwar kuɗi, ya kai da kansa, a buga masa hatimi akan kwafinsa ya dawo da shi gida. In sun ce basa karɓar ƙanana duk wata, ba matsala, ku tara ku kai duk wata uku ko shida. Za su iya tambayarsa, a rage abinda ake cirewa duk wata ne ko a rage shekaru? Yace a rage shekaru, nan ribar take. Bayan kowane ƙari ya nemi sabon jadawalin biya, ki duba da idonki ki ga adadin ya sauka da daidai abinda kuka kai.

Kar kuma ku rikita wannan da kashi 2.5 ɗin da ake cire masa na asusun NHF ɗin kansa, wanda dokar 1992 ta kafa. Wancan ajiyarsa ce daban, ba ya rage bashin, ana mayar masa da shi in ya gama biyan bashin kuma ya cika shekara 60 ko yayi shekara 35 yana aiki. Ya kuma tambaya ko akwai inshorar rai da ta gobara akan bashin, yawanci ana haɗawa, ya tabbatar tana aiki kuma ke ma kin san inda takardar take, don in ta Allah ta kasance ita ce za ta hana a zo ana binki da marayu.

Masu karantawa da nasu na bankin Musulunci ne, irin su Jaiz ko TAJ ko Lotus, lissafinku ya bambanta. In tsarin haɗin gwiwa ne da kake sayen kason banki kaɗan-kaɗan kana biyan haya akan sauran, ƙara saye yana rage hayar. In kuma murabaha ce an riga an yanke farashi tun farko, biya da wuri baya rage shi kai tsaye sai in bankin ya yi maka rangwame, don haka ka tambaya a rubuce kafin ka zuba.

Ranar da kuka biya na ƙarshe kuma in Allah ya kai mu, aikin bai ƙare ba. Takardar mallakar gidan, C of O ɗin, tana hannun banki a matsayin jingina, kuma an yi rijistar jinginar a ofishin filaye, ku a Kaduna KADGIS kenan. Ya karɓi wasiƙar da ke nuna ba a binsa komai, ya karɓi takardar sakin jingina, ya karɓo asalin C of O ɗin, ya je KADGIS a cire jinginar daga rijista, sannan ya bi ta ofishin albashinsu ya tabbatar an tsayar da cirewar, don in ba a kai musu takarda ba suna iya cigaba da yanka wata da watanni, dawo da kuɗin kuma sai an sha zirga-zirga. Tun yau ki samo fayil ɗaya na roba mai zif, takardar tayi, wasiƙar da aka buga wa hatimi, duk rasit da duk jadawali su shiga ciki, ki ɗau hotonsu a waya ki tura wa kanki ta imel, fayil ɗin kuma a ɗora shi saman wadrob inda ruwa da yara ba za su kai ba.